Yadda zaka haɗa netwok na kulastar saba uku, daga ɗaura rak har kula da shi

Wannan bayanin na wanda aka sauke wa saba uku ko huɗu ne a kwali, galibi na hannu irin Dell R730 ko R740 ko HPE DL380, aka nuna masa wani ɗan ɗaki aka ce toh malam ga kaya nan, a haɗa mana kulasta, wato sabobi, manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu aiki, a haɗa su su riƙa aiki tare. Zan riƙa misali da Proxmox, manhajar da ke gudanar da injinan kwamfuta na kwaikwayo a cikin saba, da Ceph, mai haɗa faifan sabobin su zama ajiya ɗaya, don su na fi taɓawa, amma maganar waya da suwic da wuta duk ɗaya ce ko da VMware kake aiki ko Hyper-V. Dalilin yin kulasta shi ne in saba ɗaya ta faɗi sauran su ɗauki kayanta, toh in duk sabobin nan suwic ɗaya suke bi kuma soket ɗaya suke sha, ranar da wannan suwic ɗin ya mutu duka zasu tafi tare, kuɗin saba uku ya tashi a banza. Shi ya sa kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa bibbiyu ne.

Kafin ka yanka kwali

Ɗauko takarda da biro, ba wasa nake ba. Kulasta irin wannan hanya huɗu take buƙata kuma kowace da halinta. Akwai hanyar gudanarwa, wato fot, ramin soka waya, na iDRAC a Dell ko iLO a HPE ko IPMI a Supermicro, wanda ta nan kake ganin saba ko da a kashe take. Akwai hanyar Corosync, wadda sabobin ke gaisawa ta cikinta kowane lokaci don su tabbatar kowa na raye, ita ba ta cin wuri amma ba ta son jinkiri ko kaɗan, Proxmox da kansu sun ce jinkirin ya zama ƙasa da milisakan 5. Akwai hanyar ajiya ta Ceph, ita kuma ci gare ta, 10G ne mafi ƙarancin abin da zaka ba ta. Sai hanyar da masu amfani ke shigowa su samu injinan da ke ciki.

Ka rubuta kowace hanya da lambar VLAN ɗinta (VLAN rabon suwic ne zuwa netwok daban daban) da jerin IP ɗinta, ka ƙirga fot nawa kowace saba zata ci. Abin da nake yi a ƙaramar kulasta shi ne fot biyu na 10G don ajiya, wasu biyu don masu amfani in akwai kati na biyu, fot ɗaya ko biyu na 1G don Corosync, sai iDRAC. Ka ninka da yawan sabobi, ka ƙara rabin hakan don gaba. Suwic kuma uku ne: manya biyu na 10G iri ɗaya, da ƙarami ɗaya na 1G don gudanarwa. Saba kuma kada ta gaza uku, domin kulasta da rinjaye take aiki, in biyu ne ɗaya ta faɗi wadda ta rage ba ta da rinjaye sai ta tsaya cak. In kuɗi bai kai ba a saka wata ƙaramar kwamfuta a matsayin QDevice ta zama ƙuri'a ta uku.

Rak

Kuskuren da na fi gani tun kafin a taɓa waya shi ne sayen rak, wato kabat ɗin ƙarfen da ake jera sabobi a ciki, mai zurfin milimita 600. Wannan na suwic ne kawai, R740 ta haura santimita 70 a tsawo, zaka turata ka ga ƙofar baya ta ƙi rufuwa. Ka nemi mai zurfin 1000 ko 1200. Faɗin cikinsa inci 19 ne a yawancin rak, tsayi kuma da U ake auna shi, U ɗaya milimita 44.45, rami uku kenan a jikin ƙarfen, kuma tazarar ramukan ba ɗaya ba ce, don haka ka bi layin da aka zana da lamba, in ka fara daga tsakiyar U zaka ga rel ɗin da saba ke zamewa a kai ya shiga gaba ya ƙi shiga baya ko ya karkace.

Mai nauyi ƙasa. UPS da batiransa can ƙasan ƙasa, sabobi a samansu, suwic a can sama. Ku biyu zaku ɗaga saba, kuma in rak ɗin mai taya ne ka sauke ƙafafunsa tukuna, saba in ka jawo ta waje kan rel nauyinta gaba yake rinjaya. Gurbin da ba kowa a ciki ka toshe shi da marfi don kada iskar zafi ta baya ta zagayo gaba. Sannan wayar ƙasa, wato earthing, rak ɗin kansa a ɗaure shi da ƙasa ta gaske wadda mai aikin lantarki ya auna, ba wadda aka ce maka akwai ba.

Iskar suwic, inda mutane da yawa ke faɗawa

Saba tana shan iska ta gaba ta fitar ta baya, kuma fot ɗinta na netwok a baya suke. Don waya ta yi gajarta sai mu juya suwic fot ɗinsa su kalli baya su ma. Toh a nan matsalar take, in suwic ɗin irin wanda ke shan iska ta gefen fot ne, ka ɗora bakinsa kenan a daidai inda saba uku ke huro zafi. Zai yi aiki, fankokinsa su yi ta ihu, wata shida ko shekara ya fara kashe kansa da rana tsaka ka rasa dalili. Manyan suwic ana sayar da su iri biyu, a Cisco Nexus misali launin hannun fanka da na gidan wuta, wato power supply, ne ke nuna maka: shuɗi yana fitar da iska ta gefen fot, shi kake so in fot na kallon baya, ja mai duhu kuma yana sha ta gefen fot. In na hannu ka saya ka duba kada a haɗa maka fanka shuɗi da gidan wuta ja. In ba launi, kunna shi ka kara 'yar takarda a bakin fot ka ga ko tsotsa yake ko hurawa.

Zafin iskar da ke shiga gaban rak ana so ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27. Mu da watan Afrilu ke haura 40 a waje, eyakwandishan ɗaya bai isa ba, biyu ake saka wa suna karɓa-karɓa. Kuma dan Allah ka gwada wannan: kashe wutar ɗakin ka dawo da ita ka ga ko eyakwandishan zai tashi da kansa. Da yawa ba sa tashi sai an danna rimot, sai a ɗauke wuta cikin dare janareta ya kama, sabobi na ta aiki a ɗaki rufe babu sanyi har gari ya waye.

Wuta

Kowace saba da kowane babban suwic gidan wuta biyu gare shi. Layin soket biyu zaka saka a bayan rak, ka kira su A da B, na hagu ya sha A na dama ya sha B, kuma kowane layi da UPS ɗinsa. Ka lissafa yadda layi ɗaya kaɗai zai iya ɗaukar komai in ɗayan ya faɗi, ma'ana kowanne kada ya wuce rabin ƙarfinsa a rana ta yau da kullum. UPS ka nemi irin wanda kullum shi ke sarrafa wutar da kansa, wanda ake rubuta wa online a jikinsa, saboda wutar janareta tana rawa kuma ƙananan UPS sai su ƙi karɓarta su yi ta cin batir har ya ƙare alhali janareta na kunne. Ƙaramin suwic mai gidan wuta ɗaya ka rubuta a takarda layin da yake sha don ka san abin da zaka rasa.

Waya

Cikin rak ɗaya ba abin da ya kai DAC sauƙi, wayar tagulla ce mai kauri da kan SFP+, wanda ake sokawa a fot na 10G, manne a kowane gefe, mita 1 zuwa 5 ta ishe ka, ba ta zafi, ba abin gogewa. In zaka tsallaka wani rak mai nisa sai faiba. Faiba irin OM3 mai launin ruwan teku tana kai 10G mita 300 da kan SR na gajeren zango, OM4 mita 400, rawaya kuma OS2 ce da kan LR na dogon zango har kilomita 10. Kan da ke wannan gefe da na wancan gefe dole su zama iri ɗaya, SR da SR, LR da LR. In ka haɗa faiba fitila ta ƙi kamawa, kafin ka zargi kowa ka musanya zaren biyu a gefe ɗaya, sau da yawa mai aikawa ne ya fuskanci mai aikawa. Kada ka leƙa cikin faiba da ido, hasken ba ya ganuwa amma yana illa. Kuma tsakanin gini da gini faiba kawai, tagulla a waje da damina tsawa take jawowa har cikin suwic.

Wani abin haushin shi ne wasu kamfanonin suna kulle kayansu, suwic ya ƙi kan SFP da ba nasa ba. Katin Intel X520 ma yana yin haka, a Linux ana lallaɓa shi da allow_unsupported_sfp=1 a direban ixgbe. Ka sayi guda biyu ka gwada kafin ka sayi ashirin.

Sai wayar Cat6 ta 1G da gudanarwa. A nan araha ba ta ado. Kasuwa cike take da kwalin da aka rubuta Cat6 amma cikinsa alminiyom ne aka shafa masa tagulla. Yanki ɗan guntu, fere zare ɗaya, kankare shi da wuƙa: in ja ne har ciki tagulla ce, in fari ya bayyana ka mayar musu da kayansu. Irin wannan tana wucewa gwajin na'urar gwada waya mai fitilu takwas lafiya lau, sai bayan watanni ta fara karyewa a cikin kai, fot ya riƙa sauka daga 1000 zuwa 100 da kansa. Cikin rak ni ban ma son a matse kai da hannu, gara wayar da aka haɗo daga masana'anta daidai tsawon da ake so. In dole ne ka matse, bi tsarin jera launin zare na T568B a duka gefen. In kuma 10G kake so a kan tagulla, Cat6 iyakarta wajen mita 55, Cat6A ce ke kai 100.

Ɗaurin kuwa gicciye ne: fot na farko na kowace saba ya tafi suwic na ɗaya, na biyu ya tafi suwic na biyu, kuma lamba ɗaya a duka biyun, saba ta ɗaya fot 1 da fot 1, ta biyu fot 2 da fot 2. Kowace waya ka manna mata suna a kai biyu kafin ka soka ta, ba bayan ka gama ba, don bayan ka gama gajiya ba zata bari ba. Wayar wuta gefe ɗaya, ta data ɗaya gefen. Ka ɗaure da maɗauri mai mannewa, banda robar nan da ake ja ta shaƙe waya, kuma ka bar rara yadda za a iya jawo saba kan rel ba tare da an zare komai ba.

Saitin suwic

Kada ka haɗa sabon suwic da netwok ɗin ofis tukuna. Shiga cikinsa kai tsaye da kebul ɗin kwansol, laftof da manhajar PuTTY, gudu 9600 a yawancin Cisco, wasu 115200 ne, in ka ga rubutu ya fito kamar na aljanu gudun ne bai dace ba. In na hannu ne goge tsohon saitin gaba ɗaya. Daidaita manhajar cikin suwic biyun ta zama siga ɗaya, canza kalmar sirri, kashe telnet ka bar SSH don shiga daga nesa, ba shi suna da IP na gudanarwa, saka masa NTP mai daidaita agogo don in matsala ta faru lokacin da ke rubuce a suwic ya yi daidai da na saba. Kunna LLDP, zai riƙa gaya maka wace waya ke ina ba sai ka bi ta da hannu ba.

Daga nan sai haɗa suwic biyun su zama kamar ɗaya a idon saba. Kowane kamfani da sunan da ya ba abin, Cisco Nexus vPC, Arista MLAG, Dell VLT, Aruba VSX. Waya biyu aƙalla tsakaninsu, da wata hanya daban da suke jin numfashin juna. Na fi son wannan a kan jera su su zama suwic ɗaya mai ƙwaƙwalwa ɗaya, don a wancan tsarin sabunta manhaja yakan sa duka biyun su sake tashi lokaci guda. In suwic ɗinka ba ya ko ɗaya, ba laifi, ka yi active-backup a saba, waya ɗaya na aiki ɗaya na jira, yana da aminci sosai.

RSTP, mai hana data zagaye a netwok, ya zauna a kunne, fot ɗin sabobi ka mai da su na gefe, wato edge port, ka saka musu BPDU guard mai kashe fot in an soka masa wani suwic, fot ɗin da ba kowa ka kashe shi. Wata rana wani zai ga waya na lilo ya soka ta da niyyar taimako, in ta zagayo cikin suwic ɗaya netwok duka zai cushe cikin daƙiƙu. MTU, wato iyakar girman fakitin data, a fot ɗin ajiya ka kai shi 9216. In ka gama ka adana, copy running-config startup-config ko makamancinsa, sannan ka kashe suwic ka kunna ka ga saitin ya dawo.

Gefen saba

A Proxmox cikin /etc/network/interfaces haɗa waya biyu su yi aiki tare da LACP, wato 802.3ad, kamar haka yake, sunan katin naka zai bambanta:

auto bond0
iface bond0 inet manual
    bond-slaves ens1f0 ens1f1
    bond-mode 802.3ad
    bond-miimon 100
    bond-xmit-hash-policy layer3+4
    bond-lacp-rate 1
    mtu 9000

Ka yi wannan ta tagar iDRAC, don in ka yi ta SSH kuskure ɗaya zai rufe ka a waje. Duba cat /proc/net/bonding/bond0 ka tabbatar katin biyu suna da Aggregator ID ɗaya. Sannan gwada manyan fakiti daga kowace saba zuwa kowace: ping -M do -s 8972 da IP ɗin ɗayar. 8972 ɗin shi ne 9000 an cire 28 na kan fakiti. In ya ƙi wucewa akwai inda MTU bai kai ba, kuma wannan mugun ciwo ne domin ping na yau da kullum zai yi, SSH zai yi, Ceph ne kawai zai riƙa maƙalewa. Sai iperf3 mai auna gudun netwok, a 10G ka sa ran 9.4 zuwa 9.9. Kada ka tayar da hankali in baka ga 20G na waya biyu ba, LACP zance ɗaya waya ɗaya yake bi, sai zantuka sun yi yawa suke rarrabuwa.

Yanzu Corosync, kuma a nan zan daɗe don na gani da idona. Wani wuri da aka kira ni, saba uku, komai sabo, amma kusan kullum wajen ƙarfe biyun dare sai duka ukun su sake tashi da kansu. An canza UPS, an zargi janareta, har an fara maganar mayar da sabobin. Da muka zauna muka jera lokutan sai muka ga daidai lokacin da ake kwashe kwafin ajiya na dare ne. Corosync da kwafin waya ɗaya suke bi, kwafin ya cika hanya, gaisuwar sabobi ta makara, kowace ta ɗauka 'yan'uwanta sun mutu, kuma a Proxmox in HA, tsarin da ke tayar da injin a wata saba in tasa ta faɗi, na kunne sabar da ta rasa rinjaye kashe kanta take ta sake tashi bayan kamar daƙiƙa 60 don kada injin ɗaya ya tashi a wuri biyu ya lalata data. Ba abin da ya lalace a wurin, tsarin ya yi abin da aka gina shi ya yi ne. Maganin waya uku ne na 1G zuwa ƙaramin suwic, muka mai da ita hanyar Corosync ta farko, tsohuwar ta zama ta biyu, shikenan aka samu barci. Corosync yana karɓar hanya har takwas kuma da kansa yake sauyawa, don haka ka ba shi biyu ta suwic daban daban tun ranar farko.

Gwaji kafin a ɗora kaya

Wannan matakin kada kowa ya hanzarta ka a kansa. Kunna ping mara tsayawa da iperf3, ka zagaya bayan rak ka zare wayar 10G ɗaya da hannunka, ƙirga fakiti nawa suka ɓata, mayar, zare ɗayar. Cire wutar suwic na ɗaya gaba ɗaya, duba pvecm status da ceph -s, mayar da shi ka jira ya gama tashi ka ga ko dawowarsa ta kawo yankewa, don sau da yawa a dawowa ake samun matsala. Haka na biyu. Kashe layin A, sannan B. Kashe saba ɗaya ka ga injinanta sun koma wani wuri. Duk abin da ka gani ka rubuta da lokacinsa. A nan ne zaka kama sabar da wayoyinta biyu suka tafi suwic ɗaya, ko wadda gidajen wutarta biyu ke shan A.

Kulawa

Saka manhajar sa ido irin LibreNMS ko Zabbix ya riƙa karanta suwic ta SNMP sigar 3, kuma kada ya zauna cikin kulastar da yake gadi kaɗai. Abin da zai yi maka ƙara a kai: fot ya faɗi, gidan wuta ɗaya ya mutu, fanka, zafi, UPS ya koma batir. Haɗarin abu bibbiyu shi ne ɗaya na iya mutuwa wata uku ba wanda ya sani tunda komai na tafiya.

Duk wata ka duba kurakuran CRC, wato fakitin da suka iso a lalace, ethtool -S a saba, lissafin kurakuran fot a suwic. Lambar da ke hawa tana nufin waya ko kai ko datti. ethtool -m zai nuna maka ƙarfin hasken da faiba ke karɓa, a kan SR in ya gangaro kusa da -10 dBm ka goge kan da alƙalamin goge faiba kafin ka canza komai, kuma duk kan da ka zare ka rufe shi da hularsa nan take. Da hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba, tana shiga ta ƙasan ƙofa ta toshe ragar gaban saba da ta suwic. Toshe ƙasan ƙofa da tagogi, wanke matatar eyakwandishan duk sati biyu a lokacin, a goge ƙasa da tsumma mai laima, banda tsintsiya. Batiran UPS shekara 3 zuwa 5 suke yi a digiri 25, zafi in ya ƙaru da kamar digiri 10 rayuwarsu rabi take komawa, ka rubuta ranar da aka saka su a jikinsu ka kuma gwada su da kaya a kai duk wata shida.

Saitin suwic ka kwafe shi duk lokacin da ka taɓa wani abu, manhajar Oxidized tana yi da kanta, ka kuma ajiye kwafi a wajen kulastar. Sabunta manhajar suwic ɗaya bayan ɗaya ake yi: karanta bayanin sigar, tabbatar ɗayan lafiyarsa ƙalau, yi na farko, jira LACP ya dawo a duk sabobi kuma Ceph ya nuna HEALTH_OK, sannan ka taɓa na biyu, kuma banda yammacin Juma'a. A ƙasan rak ko cikin durowa mai makulli ka ajiye DAC biyu, kan SFP biyu na kowane iri, faiba ɗaya, gidan wuta ɗaya na suwic, fanka mai launi daidai da naka, kebul ɗin kwansol da abin haɗa shi da USB, da takardar nan ta farko mai VLAN da IP da lambar fot an buga ta an saka a leda an manna a cikin ƙofar rak. Duk ranar da ka canza waya ka gyara takardar kafin ka fita daga ɗakin.